Tire da butar shayi masu tambarin tuta: ta ina ake fara binciken kamfanin da ya ƙera su?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na gaji tire da butar shayi daga kakana, wanda ya yi aikin akawu a En'e a shekarun 1950. A gindin butar akwai 'yar tuta mai harufan W&H, da kalmar Sheffield, da A1, da wata lamba mai alƙaluma biyar, sai kuma rubutun WARRANTED HARD & SILVER SOLDERED. A gida ana cewa azurfa ce zalla. Ina so in san tarihin kamfanin da shekarar da aka yi kayan. Ta ina zan fara?"

Malama, Allah ya jiƙan kakanki, ya kai haske kabarinsa. Kin kyauta da kika kwafo rubutun gindin butar yadda yake, domin shi ne takarda ta farko a wannan bincike. 'Yar tutar nan mai kusurwa uku da W&H a cikinta tambarin Walker & Hall ne, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin kayan azurfa da cokula na birnin Sheffield a arewacin Ingila. Sai dai gara ki ji wata magana tun yanzu, ko da ba za ta yi wa mutanen gida daɗi ba: bisa abin da kika karanto, kayan nan ba azurfa zalla ba ne, ruwan azurfa aka yi musu. Wannan zai rage kuɗinsu a wurin mai saye, amma bai rage musu komai ba a wurin mai neman tarihi. Abin da ya sauya shi ne hanyar da za ki bi ki gano shekararsu.

Abubuwa uku muke cakuɗawa idan muna maganar irin wannan kaya. Akwai azurfa ta ainihi. Akwai ƙarfen da aka lulluɓe da ruwan azurfa. Akwai kuma abin da muke kira silba a kasuwa, kwanon silba da kofin silba, wanda ƙarfe ne marar tsatsa, babu ko ƙwayar azurfa a jikinsa. Walker & Hall ya yi duka ukun a lokuta dabam-dabam, saboda haka sunan kamfanin shi kaɗai ba ya faɗa miki wanne ne a hannunki.

Da azurfa ce zalla ta Ingila, da kin ga jerin ƙananan hatimai guda huɗu a jere, kowanne bai fi ƙwayar gero biyu ba. Na farko zaki ne yana tafiya, ya ɗaga ƙafarsa ɗaya ta gaba, ma'anarsa an gwada ƙarfen an samu kashi 925 cikin 1000 azurfa ne. Na biyu alamar garin da aka yi gwajin: kambin sarauta ga Sheffield, ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa ga Birmingham, kan damisa ga Landan. Na uku harafi ɗaya mai nuna shekara, na huɗu tambarin kamfanin da ya ƙera kayan. Ba kamfani ke buga zakin da kambin ba, ofishin awon azurfa ne mai zaman kansa, kuma na Sheffield da na Birmingham tun 1773 suke aiki. Sheffield ta yi amfani da kambi har ƙarshen 1974, daga 1975 ta koma furen wardi, saboda haka furen wardi a jikin azurfar Sheffield yana nufin abin bai girmi 1975 ba. Harufan shekara na Sheffield kuwa zagaye suke yi na shekara 25: wani ya fara a 1893, wani a 1918, wani a 1943, wani a 1968, wanda aka katse a ƙarshen 1974. Harafin H na zagayen 1918 da H na zagayen 1943 ana bambanta su ne ta salon rubutun da siffar ɗan gidan da harafin ke ciki. Kafin 1975 kuma a tsakiyar shekara ake sauya harafin, don haka kowane harafi ya haɗa rabin shekara biyu. Idan an yi sa'a, akwai hatimi na biyar na tunawa da wani biki, kamar kan Sarauniya Elizabeth da aka buga albarkacin naɗinta na 1953. Na kawo duk wannan ne domin ki sake duba tiren da kyau, mai yiwuwa ba tare aka sayo shi da butar ba, kuma ki duba sauran cokulan gidan.

Kayan ruwan azurfa ba su bi ta wannan ofishi ba. Kamfani ne ke buga abin da ya ga dama a jikinsu, shi ya sa karanta su ya fi wuya. A1 da kika gani kalmar kamfani ce da ke nufin ruwan azurfar mai kauri ne, amma babu wata hukuma da ta auna ta tabbatar, kuma A1 na wannan kamfani ba lallai ya yi daidai da na wancan ba. Idan kin ga EP ko EPNS, ma'anarsa an yi lulluɓin ne da lantarki a kan wani farin ƙarfe da aka haɗa daga jan ƙarfe da nikel da tutiya. Turawa suna kiran wannan haɗi azurfar nikel, alhali babu azurfa a cikinsa, kama kawai ya yi da ita. EPBM kuma yana nufin ƙarfen ƙasa mai taushi ne wanda galibinsa kuza ce, ya fi araha, ya fi saurin lotsewa. Dogon rubutun da ya ƙare da SILVER SOLDERED shi ne ya fi yaudarar mutane, kuma ina kyautata zaton shi ya sa ake cewa azurfa ce a gidanku. Abin da yake faɗa shi ne an liƙa marikin da bakin butar da lahami mai ƙarfi wanda akwai azurfa a cikinsa, irin wanda ba ya sakewa idan buta ta sha zafi da wanki. Otal-otal da jiragen ruwa da gidajen abinci irin wannan suke nema. Lambar mai alƙaluma biyar kuwa, a irin waɗannan kaya, yawanci lambar fasali ce, wato lambar da mai kanti zai rubuta idan yana odar wannan siffar buta daga littafin kayan kamfani. Ba shekara ba ce, amma za ta yi miki amfani nan gaba. Ki kuma duba ko akwai wata lamba da Rd ko Rd No a gabanta. Wannan ta rajistar zane ce, tsarin da aka fara a 1884, kuma na tsakiyar ƙarni na 20 suna tsakanin dubu ɗari takwas da dubu ɗari tara da wani abu. Ita ma ba ranar ƙira take bayarwa ba, ranar rajistar zanen take bayarwa, wato kayan ba su girmi wannan rana ba.

Idan kika ga wani harafi shi kaɗai a gindin butar, kada ki kai shi jadawalin ofishin awo ki karanta shekara. Wasu kamfanoni, irin su Elkington na Birmingham, suna da nasu harufan shekara na cikin gida a kan kayan ruwan azurfa, kuma ba su da alaƙa da na ofishin awo. Wannan kuskure ya sa an ƙara wa kaya da yawa shekarun da ba nasu ba.

Kafin ki yi nisa, ina roƙonki abu ɗaya. Kada kowa ya dirje su da toka ko yashi ko soson ƙarfe. Ruwan azurfa bai kai kaurin takarda ba, kowace dirza tana tafiya da wani abu daga cikinsa, kuma hatiman ne ke fara shafewa. An taɓa kawo mini wani tire da aka goge don a burge ni da ƙyallinsa, na tarar da rubutun da aka zana a tsakiyarsa, wanda shi ne zai faɗa mana wa ya ba wa da kuma yaushe, ya tafi sai inuwa. Har yau ina jin zafin wannan. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun isa. Kada kuma ki bar maƙerin fari ya kankare gefe ya ɗiga ruwan gwaji, tabon ba ya fita. Mayen ƙarfe ba zai raba miki gardama ba, tunda ba ya kama azurfa, ba ya kuma kama azurfar nikel. Abin da zai nuna miki gaskiya shi ne wuraren da hannu ya cinye, kamar mariƙi da gefen murfi: idan ƙasan ya fito fari mai ɗan rawaya, azurfar nikel ce, idan ja ne, jan ƙarfe ne, idan toka-toka ne marar haske, mai kuza ne. Ki ɗauki hoton hatiman kusa da taga, haske yana zuwa daga gefe, ki auna tsawo da faɗi da nauyi, ki rubuta a littafi guda wanda za ki keɓe wa wannan aiki.

Yanzu ga kamfanin. George Walker ne ya kawo sana'ar lulluɓa azurfa da lantarki Sheffield a shekarun 1840, bayan Elkington sun yi wa fasahar rajista a Birmingham a 1840. Sunan Walker & Hall ya tabbata a 1853, lokacin da ya zama shi da Henry Hall ne abokan hannun jari. Daga baya iyalin Bingham suka riƙe ragamar, masana'antar da ke titin Howard, wadda ake kira Electro Works, ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a garin, suka buɗe shagunan baje koli a biranen Birtaniya da Ostareliya da New Zealand da Afirka ta Kudu. A 1920 ya zama kamfani mai rajistar Ltd. A 1963 aka haɗe shi da Mappin & Webb da Elkington a ƙarƙashin British Silverware Ltd, kuma a 1965 aka rushe ginin titin Howard.

Wannan ƙashin baya ne kawai, kuma tun daga shekarar farko za ki ci karo da matsala: wani wuri zai ce miki 1843 aka kafa shi, wani ya ce 1845. Kamfanoni suna son tsawaita shekarunsu a talla, kuma "kafawa" na iya nufin ranar da mutum ya fara aiki a ɗaki ɗaya, ko ranar da ya sami lasisi, ko ranar da aka ƙulla hannun jari. Idan kika ga shekaru biyu, ki rubuta duka biyun da inda kika samo kowacce, kada ki zaɓi wadda ta fi yi miki daɗi.

Babban abin da nake so ki riƙe shi ne wannan. Idan aka ce "tarihin kamfani", abubuwa uku ne masu tafiya a hanyoyi dabam: sunan da ake bugawa a jikin kaya, kamfanin da ke rajista a wurin hukuma, da kuma masana'antar da mutane ke aiki a cikinta. Kowanne da ranar haihuwarsa da ranar mutuwarsa. Suna kadara ce, ana sayar da shi kamar yadda ake sayar da fili. Ginin titin Howard ya faɗi a 1965, amma sunan Walker & Hall bai faɗi tare da shi ba, har yanzu akwai shagunan kayan ado da ke ɗauke da shi a New Zealand. Haka ya faru da wasu. Old Hall na garin Bloxwich, wanda iyalin Wiggin suka kafa kuma ya yi fice wajen butocin ƙarfe marar tsatsa tun kusan 1930, kamfanin Oneida na Amurka ya saye shi a 1982, aka rufe masana'antar a 1984. Viners, wanda ya zama mafi girman mai yin cokula a Birtaniya a shekarun 1960, ya riƙa shigo da kaya daga gabashin Asiya, ya durƙushe a shekarun 1980, amma har gobe ana sayar da cokula masu sunan Viners. Wanda ya ɗauki suna a matsayin shaidar wurin ƙira zai rubuta tarihin ƙarya ba tare da ya yi niyya ba. Shi ya sa nake ba da shawarar ki raba shafin littafinki gida uku tun farko, kowane labari da kika samu ki tambayi kanki: na suna ne, na kamfani ne, ko na masana'anta?

Lokacin da ya fi shafarki, daga 1940 zuwa 1965, shi ne mafi daɗin bincike a wurina, domin a cikinsa ne sana'ar da ta shekara ɗari tana bunƙasa ta juya. A lokacin yaƙin duniya na biyu masana'antun Sheffield sun karkata ga kayan yaƙi, kuma jiragen Jamus sun yi wa garin ruwan bama-bamai a daren 12 da na 15 ga Disamba 1940. Harajin saye da aka shigo da shi a 1940 ya taɓa kaiwa kashi 100 bisa 100 a kan kayan alatu, ya kuma daɗe bayan yaƙi, abin da ya sa azurfa ta gagari mai matsakaicin hali a cikin gida, gwamnati kuma tana matsa wa masana'antu su fitar da kaya waje don samun kuɗin shiga. Gidajen da a da suke da barori masu goge azurfa kowane mako sun rasa su. Ga kuma ƙarfe marar tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a cikin Sheffield ɗin kanta a 1913, ba ya buƙatar guga, ba ya baƙi. Manyan kamfanoni suka nemi ceto wurin matasan masu zane da suka fito daga kwalejin fasaha ta Royal College of Art a Landan. Walker & Hall ya ɗauki David Mellor, ɗan Sheffield, wanda ya zana cokulan Pride a 1953 yana ɗalibi, kuma suka shiga cikin kayan da suka ci kyautar Design Centre, wadda ake ba kayan da suka fi kyawun zane, a shekararta ta farko, 1957. Old Hall ya ɗauki Robert Welch a 1955, Viners ya ɗauki Gerald Benney a 1957. Duk da haka kayan Japan da Hong Kong masu araha suka ci kasuwa. Wannan yana da amfani wajen duba butarki: idan sumul take, ba ado, mai siririn jiki, tana iya zama ta zamanin su Mellor. Idan mai ƙafafu ce da zanen ganye da gefe mai lanƙwasa, kada ki yi saurin cewa tsohuwa ce ƙwarai, domin kamfanonin Sheffield sun ci gaba da buga fasalin zamanin Sarauniya Victoria shekaru da dama da tsofaffin kayan aikinsu. Fasali ɗaya yana iya zama a littafin kaya na 1910, ya kuma zama a na 1955.

To ina takardun suke? Kada ki sa ran samun ɗaki guda cike da littattafan kamfanin a jere. Idan masana'anta ta rufe, takardu ne abu na farko da ake zubarwa, kuma abin da ya tsira yakan warwatsu. Ki fara da kundin intanet na National Archives na Birtaniya da ke Kew, wanda ake kira Discovery. Ba abin da ke Kew kaɗai yake nunawa ba, yana nuna wace ma'ajiya a faɗin ƙasar ke riƙe da takardun wane kamfani. A Kew ɗin ne kuma rajistar zane-zane take, idan kin sami lambar Rd. Ta fuskar kamfani a matsayin abin rajista, London Gazette, jaridar sanarwar gwamnati, tana intanet kyauta, kuma a cikinta ake buga rabuwar abokan hannun jari da rushe kamfani. Ni na fi yarda da ranar da na gani a Gazette fiye da wadda na gani a ko'ina. Companies House, ofishin rajistar kamfanoni na Birtaniya, shi ma kyauta ne, sai dai fayilolin kamfanonin da suka daɗe da rushewa ba duka aka adana ba.

A Sheffield kanta akwai ma'ajiyar takardun birni da sashen tarihin gari na babban ɗakin karatu, kuma hotunansu na tsofaffin masana'antu suna intanet a ƙarƙashin sunan Picture Sheffield. Ofishin awon azurfa na garin yana da ɗakin karatu da littattafan rajistar tambura. Akwai tarin Hawley a gidan tarihin Kelham Island, wanda marigayi Ken Hawley ya shekara da shekaru yana tsinto kayan aiki da littattafan kaya daga masana'antun da ke rufewa. Littattafan kaya su ne abin da kike nema ruwa a jallo, domin a cikinsu ne za a ga lambarki mai alƙaluma biyar kusa da hoton butar da farashinta. Idan aka same ta a littafin wata shekara, aka rasa ta a na baya ko na gaba, kin sami iyakoki biyu da shekarar butarki ke tsakaninsu. Ga kayan ruwan azurfa, wannan tazara ita ce amsa ta gaskiya, kuma tazarar shekara goma ko ashirin ba gazawa ba ce. Masanin tarihin masana'antu Geoffrey Tweedale ya tattara tarihin ɗaruruwan kamfanonin wuƙaƙe da cokula na Sheffield, aikinsa ne nake fara dubawa kafin in yarda da wata magana. Don zamanin Mellor kuwa, takardun Design Council, hukumar bunƙasa zanen kaya ta Birtaniya, suna jami'ar Brighton, gidan tarihin V&A na Landan kuma ya sa hotunan kayansa da bayanansu a intanet. Shafin intanet na Grace's Guide yana da tsofaffin tallace-tallace kyauta, shafin tsofaffin jaridu na British Newspaper Archive kuma na kuɗi ne, amma a nan ne za ki ga labarin korar ma'aikata da gobara da rahoton riba na shekara.

Ba sai kin je Ingila ba. Ma'aikatan waɗannan wurare suna amsa wasiƙar imel, muddin tambayar gajera ce kuma takamaimai. "Ku ba ni tarihin Walker & Hall" ba za ta sami amsa mai amfani ba. "Ga hoton buta mai lamba kaza, shin tana cikin wani littafin kayan kamfanin da kuke da shi, na wace shekara?" ita ce tambayar da ma'aikaci zai iya tashi ya duba. Wasu suna cajin kuɗin bincike idan aikin ya yi tsawo, za su faɗa miki tun farko.

Ki yi hattara da bayanan masu sayar da tsofaffin kaya a intanet. Suna da amfani wajen ganin hotunan butoci irin taki da tamburansu, amma shekarun da suke rubutawa sau da yawa kwafe ne daga juna. Shafi goma da suka faɗi magana ɗaya da kalmomi iri ɗaya shaida ɗaya ce, ba goma ba. Abin da zai taimake ki daga wurinsu shi ne kayan da aka zana wa kwanan wata, kamar kofin gasa ko kyautar ritaya, masu lambar fasali kusa da taki.

Akwai ɓangaren da littattafan kamfani ba sa faɗa, kuma ina so ki ba shi wuri a rubutunki. Buta ɗaya ta bi ta hannun mutane da yawa: mai buga ƙarfe, mai lahami, mai zane, mai tsoma ta a ruwan lantarki, mai guga. Sheffield tana da tsohon tsarin ƙananan masu sana'a da ke hayar ɗaki da injin, suna karɓar aiki daga manyan kamfanoni, saboda haka tambarin babban kamfani ba ya nufin kowane mataki a cikin gininsa aka yi shi. Gugar ƙarshe kuwa galibi mata ne ke yinta, a tsaye gaban ƙafar inji da yashi da mai, suna ɗaura takardar ruwan ƙasa a jiki da ƙafafu don tare datti, da jan ƙyalle a wuya. Ƙyallin da kakanki ya gani a kanti daga hannun waɗannan mata ya fito. Idan kika duba cikin murfin butar da gindinta, kina iya ganin wata 'yar lamba ko alama iri ɗaya a duka biyun, wadda ma'aikaci ya sa don kada murfin wata ya hau kan wata. Ita ce sawun hannun mutum mafi kusa da za ki samu.

Sai zare na huɗu, wanda babu wani masani a Sheffield da zai iya bi sai ke: yadda kayan suka iso gidan kakanki. Kayan Ingila a wancan zamani suna shigowa ta hannun manyan kamfanonin ciniki irin su UAC, wanda aka kafa a 1929 kuma ya buɗe kantin Kingsway a Legas a 1948, da John Holt da G.B. Ollivant da sauransu. Kayan gwamnati, na gidajen saukar baƙi da ofisoshi, ana odarsu ta hannun Crown Agents, masu yi wa gwamnatocin mulkin mallaka sayayya, a Landan. Wasu kuma Turawa ne ke zuwa da su, su sayar ko su bayar idan za su koma gida. Irin lahamin da ke jikin butarki ya sa nake so ki duba ko akwai harufa ko tambarin wata hukuma, ko kulob, ko kamfanin jiragen ruwa kamar Elder Dempster, a gefenta ko a bayan tiren, da kuma wata alama ta yawan abin da take ci. Idan akwai, butar ta yi aiki a wani wuri kafin ta zo gidanku. Idan kuma an zana sunan kakanki ko kwanan wata, kyauta ce, kuma irin wannan biki na ritaya ko ƙarin girma yakan fito a jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, Nigerian Citizen a 1948, ana samun tsofaffin fitowarsu a Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin En'e-En'e da dama suke. Takardun UAC kuwa suna ma'ajiyar Unilever a Port Sunlight, kusa da Liverpool.

Wannan zaren ne ya kamata ki fara ja, tun kafin ki aika wasiƙa ko ɗaya zuwa waje, domin takardun Kew za su jira ki, tsofaffin gidanku kuwa rai na hannun Allah. Ki ɗauki butar ki kai wa gwaggonninki da baffanninki, kowa shi kaɗai, ki sa a hannunsu, ki naɗi muryarsu da waya idan sun yarda. Kada ki tambaye su shekara, ba a riƙe shekara a ka. Ki tambaye su a wane gida suka fara ganinta, wa aka haifa a lokacin, wane sarki ke kan gado, kafin tafiyar kakanki Makka ne ko bayanta, wa ake fito wa da ita, kuma ko akwai mazubin sukari da na madara da suka zo tare da ita suka tafi gidan wani a rabon gado. Idan suna nan, ki nemi ganin gindinsu, domin sau da yawa hatimin da ya shafe a buta yana nan raɗau a ƙaramin mazubin da ba a cika wankewa ba.